Shin Ko Kun San? Yadda Ginin Filin Jirgi Ke Yi Wa Fasinja Jagora

Shin ko kun san akwai filin jirgin saman da ya taɓa hana 'yan kasuwa amfani da launin rawaya a cikin gininsa? Schiphol ke nan, babban filin jirgin birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Da aka buɗe sabuwar tasharsa a 1967, wani mai zane, Benno Wissing, shi ya tsara allunan nuna hanya: rawaya ga duk abin da ya shafi tashi da sauka, kore ga sauran hidimomi. Sai ya gindaya sharaɗi cewa babu mai kanti ko mai talla da zai rataya allo da irin waɗannan launuka. Hikimarsa ita ce idon fasinjan da ke sauri ya koyi abu ɗaya tak, wato duk inda ya hango rawaya da shi ake magana. A 1991 Paul Mijksenaar ya sabunta tsarin, kuma daga baya hukumar da ke kula da filayen jiragen New York ta ɗauke shi ya yi mata irinsa a Kennedy da LaGuardia da Newark. A can rawaya na nufin jirgi, kore na nufin hanyar fita zuwa mota, baƙi kuma banɗaki da sauran buƙatu.

Shin ko kun san tashar ƙasa da ƙasa ta filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, wadda aka buɗe a 1979, daga Schiphol aka kwaikwayo fasalinta? Duk wanda ya bi ta reshen D ko reshen E a Ikeja ya taka tunanin maginan Holan, ko bai taɓa zuwa Turai ba.

Shin ko kun san akwai salon rubutun boko da aka ƙirƙira takanas saboda filin jirgi guda? Lokacin da ake gina filin Charles de Gaulle a wajen birnin Paris, an nemi Adrian Frutiger, mutumin Switzerland, ya samar da baƙaƙen da za a iya karantawa daga nesa, daga gefe, kuma mutum na cikin tafiya yana jan jaka. Ya buɗe bakin haruffa irin su c da e da s don kada su rikiɗe su koma o a idon mai hange. A 1976 aka fitar da rubutun kasuwa da sunansa, yau kuwa yana kan allunan filayen jirage da asibitoci da yawa a duniya. Kafin shi, a Ingila, Jock Kinneir da ɗalibarsa Margaret Calvert sun yi wa filin Gatwick alluna a ƙarshen shekarun 1950, kuma wannan aikin ne ya buɗe musu ƙofar tsara allunan manyan titunan Birtaniya. Su ne suka dage cewa a daina rubuta sunan wuri da manyan baƙaƙe zalla. Hujjarsu: ido ba harafi-harafi yake bi ba, siffar kalmar yake ganewa, ƙananan baƙaƙe kuwa su ke ba kalma tudu da kwarin da ake gane ta da su.

To amma kyawun rubutu ba ya ceton ginin da ya rikita mutum, kuma shaida tana nan a inda aka haifi rubutun Frutiger ɗin. Tasha ta ɗaya ta Charles de Gaulle, wadda Paul Andreu ya zana aka buɗe a watan Maris na 1974, zagayayya ce, hawa kan hawa. Tsakiyarta fili ne buɗaɗɗe, inda matakalai masu tafiya da kansu ke giftawa cikin bututun gilashi, wannan ta haye waccan. Daga nan ake bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ƙananan gine-gine, bakwai a asali, inda jirage ke tsayawa. Gini ne mai ƙayatarwa, masu ɗaukar hoto na sonsa. Sai dai da'ira ba ta da gaba ba ta da baya. Kowace kusurwa kamar 'yar'uwarta take, kuma wanda ya wuce ƙofarsa ba zai ankara ba sai ya ga ya dawo inda ya faro. Tasha ta biyu kuma matsalarta suna: 2A, 2B, 2C har zuwa 2G, a cikin 2E ma akwai zaurukan K da L da M, ita 2G kuwa bas ake shiga kafin a kai gare ta. Baƙon da ya ga lamba 2 a kan takardarsa ya ɗauka gini ɗaya ne, alhali unguwa guda ce.

Shin ko kun san akwai tashar da aka gina da niyyar fasinja ya gane hanya ba tare da ya karanta komai ba? Stansted, arewa maso gabashin Landan, 1991, zanen Norman Foster. Tashoshin wancan zamani kan ɗora injinan sanyaya iska da bututu da wayoyi a saman rufi, sai rufin ya yi nauyi, cikin gini ya yi duhu. Foster ya kifar da tsarin. Ya mayar da injina da bel ɗin kaya da tashar jirgin ƙasa can ƙarƙashi, ya bar rufi sakayau, hasken rana na shigowa ta samansa, bango kuma gilashi. Ka sauka daga mota, ka shiga, ka miƙe a daɓe ɗaya: awon kaya, bincike, zauren jira, ga jirage can kana hangen su. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk wannan fanni, domin ya nuna cewa allo na zuwa ne bayan gini. Mutum in ya hango inda za shi, ƙafarsa za ta kai shi. In bai hango ba, sai an yi ta rataya masa kibiyoyi.

Abin takaici, wanda ya je Stansted yau ba zai samu wannan miƙaƙƙiyar hanya ba. Bayan wurin bincike an shimfiɗa wata tafiya mai lanƙwashe-lanƙwashe ta tsakiyar kantunan turare da cakulan da agogo, kuma babu wata hanyar sai ita. Ba Stansted kaɗai ba, haka akasarin manyan filaye suka koma, saboda kuɗin hayar kantuna da ribar ciniki na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu. Shi ya sa a filayen Birtaniya ba a cika bayyana lambar ƙofar jirgi da wuri ba. Akwai dalilin aiki, tunda ƙofa kan canza, amma kowa ya san fasinjan da bai san ƙofarsa ba a gindin kantuna zai zauna. Ban ga laifin neman halak ba. Laifin shi ne a karkatar da tsohon da ƙafarsa ke ciwo, ko uwa mai goyo da yara biyu, a ƙara musu tafiya don su wuce ta gaban turaren da ba za su saya ba.

Shin ko kun san a tasha ta huɗu ta filin Barajas da ke Madrid, ginshiƙan gini ne ke gaya maka inda kake? Richard Rogers da kamfanin Antonio Lamela suka zana ta, aka buɗe a 2006. Dogon zauren ƙofofinta ya haura kilomita ɗaya, kuma ginshiƙan da ke riƙe da rufin gora suna sauya launi sannu a hankali, daga shuɗi a wannan ƙarshe, zuwa kore, zuwa rawaya a tsakiya, har ja a wancan ƙarshe. Kana ɗaga kai ka san ko ka yi nisa ko da saura. Foster ma ya yi makamancin haka a tasha ta uku ta Beijing a 2008, inda silin ke tashi daga ja zuwa rawaya.

Shin ko kun san an yi zamanin da tsakanin ƙofar tasi da ƙofar jirgi bai fi mita 30 ba? Filin Tegel na Berlin, wanda aka buɗe tasharsa a 1974, kusurwa shida gare shi, tsakiyarsa kuma fili ne da motoci ke shiga. Direba ya sauke ka daidai lambar ƙofarka, ga teburin awon kaya, ga wurin bincike na wannan ƙofa kaɗai, ga jirgi. Matasan magina ne suka ci gasar zanensa, Meinhard von Gerkan da Volkwin Marg. An tsara shi don mutum miliyan biyu da rabi a shekara, amma a 2019 ya ɗauki kusan miliyan 24, kuma da aka rufe shi a Nuwamban 2020 mutanen Berlin da dama sun yi jimami. Birnin Kansas na Amurka ma ya gwada irin wannan a ƙarshen 1972, da gine-gine uku masu siffar zobe buɗaɗɗe, tafiyar kusan mita 23 daga bakin titi zuwa ƙofa. Sai dai bai yi sa'ar lokaci ba. Yawan fashin jirage ya sa daga Janairun 1973 gwamnatin Amurka ta wajabta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa, ginin kuwa siriri ne, ba a tanadi wurin layi ba. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 abin ya ƙara tsananta, aka raba siririn zauren biyu da bangon gilashi, banɗakuna da wuraren cin abinci da yawa suka rage a waje. Sai a Fabrairun 2023 birnin ya koma sabuwar tasha guda ɗaya. Wato bincike ne ya tattara fasinjoji ya tura su ta ƙofa ɗaya, daga nan kuma doguwar tafiyar da muke sha yau ta samo asali.

Shin ko kun san a Dulles, kusa da Washington, a farkon buɗe shi ɗakin jiran ne da kansa ke tafiya zuwa jirgi? Eero Saarinen ya ƙi yarda a wahalar da fasinja da dogayen lunguna, sai ya kawo ɗakuna masu taya: ka shiga ka zauna, a rufe ƙofa, a tuƙa ɗakin har jikin jirgi. An buɗe filin a 1962, shekara guda bayan rasuwarsa. Tampa ta jihar Florida ta bi wata dabarar a 1971. Ta ɗaure wa kanta cewa tafiyar ƙafa kada ta wuce ƙafa 700, wato mita 200 da 'yan kai, ta zama filin jirgi na farko da ya sa ƙaramin jirgin ƙasa mara direba tsakanin babban gini da ƙofofi, ta kuma raba kamfanonin jirage gida biyu, ɓangaren ja da ɓangaren shuɗi, tun daga kan titin shigowa.

Atlanta ce ta kai wannan tunani ƙololuwa a 1980. Zaurukanta jere suke sahu-sahu, A, B, C, D, daga baya aka ƙara E da F, jirgin ƙasa ɗaya na ratsa ƙarƙashinsu a miƙe. Filin ya haura fasinja miliyan 100 a 2015, amma wanda ya san abacada ba zai ɓata ba, tunda bayan B dole C ce. Ga wani ɗan abu da ke nuna zurfin kula: a tsarin furta haruffa na matuƙa jirgi, D ana ce mata Delta. To Delta kuma sunan kamfanin da ya mamaye filin ne, jiragensa na tashi daga zauruka da yawa. Don kada fasinjan Delta ya ji sunan ya sauka inda ba nan ba ne, sai aka sa muryar cikin jirgin ƙasan ta riƙa cewa D ta David.

Shin ko kun san sabon filin Daxing na Beijing, wanda aka buɗe a Satumban 2019 bisa zanen kamfanin Zaha Hadid, duk girmansa ƙofa mafi nisa ba ta wuce mita 600 daga tsakiya ba, tafiyar minti takwas? Rassa biyar ne suka fito daga cibiya ɗaya, saboda haka zaɓi ɗaya kawai ake nema daga gare ka: wane reshe? Kansai ta Japan, wadda Renzo Piano ya zana a kan tsibirin da aka cike a teku, ta zaɓi tsawo, kilomita 1.7 a miƙe. Sabon filin Istanbul, inda 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu da yawa ke canjin jirgi, murabba'in mita miliyan 1.4 ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma wanda ya bi ta can ya san ƙafa na gaya wa mutum. Saboda irin wannan ne filaye da dama suka koma rubuta mintuna a gefen lambar ƙofa maimakon mitoci. Mita 800 ba ta gaya wa mai sauri komai. Minti 12 kuwa na gaya masa ko zai samu ya yi alwala ya yi salla kafin a rufe ƙofa.

Ga wasu a gurguje. A yawancin manyan tashoshi masu tashi a hawan sama suke, masu sauka a ƙasa, don kada rafin mutane biyu su yi karo, don kuma kaya masu nauyi su fito kusa da bakin mota. Allon jadawalin tashi a Turai da lokaci yake jeruwa, a Amurka kuwa galibi da harafin farko na sunan gari, saboda haka wanda ya saba da ɗaya kan daɗe yana laluben ɗayan. Kibiyar da ke kallon sama tana iya nufin miƙe gaba, tana iya nufin hau bene, a Faransa ma sau da yawa kibiyar da ke kallon ƙasa ce ke nufin miƙe gaba. Heathrow ba ta da tasha ta ɗaya tun da aka rufe ta a 2015, daga ta biyu ake farawa. O'Hare ta Chicago na da ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5, babu ta 4.

Shin ko kun san allo mai kyau ɓoye maka wasu abubuwa yake yi da gangan? A bakin shiga ba za a jera maka ƙofa ɗari ba, "Tashi" kawai za ka gani. Ka wuce bincike, sai a ce ƙofofin A dama, na B hagu. Sai ka shiga reshen B sannan lambobi su bayyana. Kuma ba a kafa allo sai a mararraba, inda dole ka yanke shawara, sannan a sake kafa wani 'yan taku kaɗan a gaba don ya tabbatar maka ba ka kauce ba. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne. Amma a wurin masu wannan sana'a, duk inda aka ga fasinjoji na yawan tsayar da mai shara ko ɗan sanda suna tambaya, nan ne ginin ya gaza. Alama ta biyu ita ce takardun da ma'aikata ke rubutawa da hannu su manna a bango da salatif. Kowace irin wannan takarda shaida ce cewa an bar wani giɓi tun a kan teburin zane.

Shin ko kun san hoton namiji da mace na ƙofar banɗaki, da na akwati, da na cokali mai yatsu da wuƙa, suna da ranar haihuwa? Ma'aikatar sufuri ta Amurka ce ta sa ƙungiyar masu zane ta ƙasar ta tattaro alamomin da ake amfani da su a filayen jirage da tashoshi da wasannin Olamfik, ta tace su. Roger Cook da Don Shanosky suka zana 34 a 1974, aka ƙara 16 a 1979, suka cika 50, aka kuma sake su kyauta kowa ya ɗauka. Sai dai kada mu ɗauka hoto harshen kowa ne. Mace mai guntun siket da namiji mai wando suturar wasu mutane ce, shi ya sa a wasu filayen ƙasashen Larabawa za ka ga kan mai ɗankwali da kan mai rawani a ƙofar banɗaki da masallaci. Hoto ma koyonsa ake yi, wanda kuma bai taɓa ganin bel ɗin kaya ba, zanen akwati a kan ƙananan da'irori ba zai ce masa komai ba.

Shin ko kun san wasu filaye sun daina kiran fasinja da lasifika? Filin London City ya soma tun 2008, Changi ta Singapore kuma daga 1 ga Janairun 2018 ta bar yin kiran ƙarshe da kiran sunan wanda ya makara. Dalilinsu shi ne in sanarwa ta yi yawa kunne kan toshe, har mai muhimmanci ta wuce ba a ji ba. A tashar motarmu ɗan kamasho ne allo, yana ƙwala "Zariya! Kaduna! Saura mutum ɗaya!", in ka yi jinkiri ma ya zo ya kama jakarka. Wanda ya tashi da wannan sabo, ya zauna a filin da ya yi tsit yana jiran a kira shi, jirgi zai tashi ya bar shi a kan kujera. Mai shirin tafiyar farko ya riƙe wannan: lokacin da ke kan katin shiga jirgi da allon da ke bango su ne abin dogaro, kuma ana rufe ƙofa tun kafin lokacin tashi.

Shin ko kun san ƙaton mutum-mutumin wata dabba mai ruwan ɗorawa da ke zaune ƙarƙashin fitila a tsakiyar filin Hamad na Doha aiki yake yi? Urs Fischer ne ya ƙera shi, tsayinsa kusan mita bakwai, kuma a kusa da shi rassan tashar ke rabuwa. Tun a 1960 Kevin Lynch, malami a Amurka, ya nuna a littafinsa kan yadda mutane ke riƙe taswirar birni a ka cewa da fitattun abubuwa muke gane wuri, fiye da lambobi. Abokan tafiyar da suka rabu a Doha ba sa cewa mu haɗu a ƙofa kaza, can gindinsa suke haɗuwa.

Shin ko kun san ranar da aka buɗe tasha ta biyar ta Heathrow, 27 ga Maris 2008, ma'aikata na cikin waɗanda suka fara rikicewa? Wasu sun sha wuyar samun wurin ajiye mota, wasu sun maƙale a wurin binciken ma'aikata, wasu ba su saba da lungunan sabon ginin ba. Masu lodin kaya suka makara, bel ya cushe, cikin 'yan kwanaki aka soke ɗaruruwan jirage, dubban jakunkuna suka rabu da masu su. Gini ne da ya ci fam biliyan 4.3.

Wani lokaci kuma ba jirgi ake rasawa ba, rai ne. Ranar 11 ga Afrilun 1996, tartsatsin walda ya kunna wuta a cikin silin filin jirgin Düsseldorf na Jamus, mutum 17 suka mutu, kusan dukkansu hayaƙi ne ya kashe su. Wasu a cikin lif suka cika, domin ta sauko da su daga wurin ajiye motoci ta buɗe a hawan da hayaƙi ya turnuƙe, hayaƙin kuma ya tare idon na'urar ƙofa ta ƙi rufuwa. Wasu a ɗakin jiran manyan baƙi aka same su. Bayan gobarar, cikin 'yan makonni kamfanin Erik Spiekermann ya tsara wa filin sababbin alluna, aka kuma tsaurara dokokin kashe gobara da na hanyoyin tsira. Koren allon nan mai hoton mutum yana fita da gudu ta ƙofa, Yukio Ota na Japan ne ya zana shi a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya zama ma'aunin duniya. Ina roƙon mai karatu, duk zauren da ya zauna jiran jirgi, ya ɗaga kai ya nemi wannan koren allo kafin ya buɗe wayarsa.

Shin ko kun san tashar alhazai ta Jidda, wadda iyayenmu da kakanninmu da yawa suka kwana a ƙarƙashinta, tana cikin fitattun gine-ginen ƙarni na ashirin? An kammala ta a 1981, ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1983. Injiniyanta Fazlur Rahman Khan ne, haifaffen Dhaka, wanda ya tsara ƙashin dogon benen Sears na Chicago, kuma a Jiddar ya rasu a 1982. Rumfuna 210 ne masu siffar tanti, kowace kusan mita 45 tsawo da faɗi, an yi su da wani yadin zaren gilashi da ke mayar da zafin rana ya bar haske ya ratso, gefe kuma a buɗe iska na wucewa. Masu zanen sun fahimci cewa alhaji ba irin fasinjan da aka saba ba ne. Ba shi kaɗai yake tafe ba, cikin ayari yake. Zai jira sa'o'i masu yawa, zai yi alwala, zai yi salla, zai shimfiɗa tabarma ya kwanta. Da yawa wannan ne hawansu jirgi na farko, kuma harsunan da ke ƙarƙashin rumfunan sun fi a rubuta su a allo ɗaya. Don haka jagora a nan mutum ne da tuta da sutura. Atamfar bai ɗaya da hukumomin alhazai na jihohinmu ke rabawa, da jakunkuna iri ɗaya masu sunan jiha, ba ado ba ne. Hajiya daga ƙauyen Katsina ko Damagaram da ta kauce daga ayarinta, kayan jikinta ne allon da jami'i zai karanta ya mayar da ita wurin 'yan'uwanta. Mutanen Indunusiya ma haka suke yi da nasu yadin.

Wannan ya sa nake ganin filayen da ke jigilar maniyyata a ƙasar Hausa, irin su na Malam Aminu Kano da na Sakkwato da Katsina da Kaduna, sun cancanci alluna masu Hausa kusa da Turanci, da boko da ajami. Tsohon da ya yi karatun allo yana karanta baƙin Larabci sarai, ko da bai shiga aji ɗaya na boko ba. Filayen Japan na rubuta Japananci da Turanci da Sinanci da Koriyanci a allo guda, saboda sun duba su wane ne ke bi ta ƙofarsu.

Shin ko kun san layin tayil mai tudu-tudu da ke ratsa daɓen wasu tashoshi rubutu ne na ƙafa? Seiichi Miyake ya ƙirƙiro shi don makafi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama na Japan a 1967. Dogayen zane na nufin ci gaba da tafiya, ɗigo-ɗigo na nufin dakata, akwai matakala ko mararraba. A Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance wasu launuka, musamman ja da kore, shi ya sa mai zanen kirki ba ya barin launi shi kaɗai sai ya haɗa da harafi ko lamba. Na'urar tauraron ɗan'adam da ke nuna hanya a waya ba ta aiki sosai a ƙarƙashin rufi, don haka a 2017 Gatwick ta kafa ƙananan na'urori kusan 2,000 a tashoshinta biyu don wayar fasinja ta gane inda take. A Gatwick ɗin ne kuma aka fara, a 2016, ba masu lalurar da ido ba ya gani, kamar matsalar mantuwa ko raunin ji, wata koriyar igiyar wuya mai hoton furen rana. Ma'aikacin da ya ga mai ɗauke da ita ya san zai rage saurin magana, ya maimaita bayani, in ta kama ma ya raka shi har ƙofa. Ba a tambayar takardar likita kafin a ba da ita, kuma filayen jirage a ƙasashe da dama sun karɓi tsarin.